Gammon Dala Goma Sha Tara

Mutumin New York ba shi da lokacin gaisuwa. Ka ce masa ina kwana, kafin ka rufe baki ya sha kwana. Fitilar hanya ta nuna ja, shi ya riga ya tsallaka. Amma wannan bawan Allah ɗin, ranar Lahadi da hantsi, cikin sanyin da ke sa kunne ya manta da mai shi, shi ne zai tsaya minti arba'in a layi, ko tsaki babu, don ya sayi burodi mai rami a tsakiya.

Sunansa begel. Duk wanda ya taɓa ganin gammon 'yar talla ya gama ganin siffarsa. Yahudawan Poland ne suka shigo da shi Amurka, kuma tun 1610 sunansa ya shiga takardun al'ummarsu a birnin Krakow. Sai an tsoma ƙullin a tafasasshen ruwa kafin a gasa, shi ya sa bayansa ke sheƙi, cikinsa kuma ke neman muƙamuƙin saurayi.

Ɗan ƙanwata, haifaffen Bronx, shi ya ja ni wani shago da ake ta zuzutawa. Tun a jirgin ƙasa yake yi mini bita kamar mai shirya maniyyaci.

"Kawu, ka san abin da kake so tun kafin layi ya zo kanka. Kuma don Allah kar ka ce a ɗumama maka shi."

Ashe neman a sake gasa begel ɗin da ya fito daga tanda da safen nan cin mutuncin mai shago ne da na kakanninsa. Kar ku ɗauka wasa nake. A 2018 Cynthia Nixon, tana neman tikitin takarar gwamnan jihar, ta sayi begel mai kirfa da zabibi ta sa aka ɗora masa kifi. Jaridu suka yi mata caa kamar ta saci akwatin zaɓe. Ta sha kaye a zaɓen fid da gwani. Ban ce begel ne ya kayar da ita ba, ban kuma ce ba shi ba ne.

Da layi ya zo kaina sai bitar ta gudu. Wani ƙato a bayan kanta, wuƙa a hannu, ya jefo mini tambaya huɗu a numfashi ɗaya. Na buɗe baki zan yi sallama, ya daka wa na bayana tsawa ya matso. A Kano mai shayi ya yi maka haka, ya rabu da kai da zuriyarka. A nan kuwa tsawar tana cikin abin da aka zo saye. Wata dattijuwa a gefena har murmushi take, wai alamar shago na asali ke nan. Yaron ne ya cece ni, ya ce a ba mu mai komai da komai: riɗi, albasa, tafarnuwa, gishiri. Aka tsaga shi, aka yaɓa farin cuku kamar mai yaɓen katanga kafin damina, aka shimfiɗa jan kifi yanka uku, kowanne kana iya karanta jarida ta cikinsa.

Sai lissafi. Dala goma sha tara, da kofi. Dokar jihar ma abin kallo ce: ka ɗauki begel ɗinka ɗungum ka tafi, babu haraji, wuƙa na taɓa shi, gwamnati ta shigo da kusan kashi 9 cikin ɗari. Ban gama jinyar wannan ba yarinyar da ke karɓar kuɗi ta juyo mini da allon na'ura, ta ɗauke kai kamar ba ruwanta. Tukuici: kashi 18, ko 20, ko 25. Tukuicin tsawar da aka yi mini! Mutum ashirin na kallon ƙeyata, na danna na tsakiya.

Kujera babu. A bakin titi muka tsaya muna ci, tantabaru na jiran gādo. Kuma gaskiya ɗaya ce, abin da daɗi. Bayan na ƙaras-ƙaras, cikin da ɗumi, gishirin kifin na ratsa cukun. Sai dai kowane cizo cukun ta ramin yake tserewa, ya sauka kan rigata. Mutanen garin sun ce sirrin yana cikin ruwan famfonsu da ke gangarowa daga tsaunukan Catskill. Ni dai ruwan nan nake sha shekara da shekaru, ban ga ya ƙara mini komai ba.

Ina goge gemu yaron ya ce, "Kawu, wannan fa ba komai ba ne. Akwai wani a Brooklyn, layinsa awa ɗaya da rabi. Lahadi mai zuwa sai mu je."

Na ce masa ina da suna ranar. Ya ce na wa? Na ce bari dai a haihu tukuna.