Ajin 'Yan Koyo

A sakandaren Amurka, Sifaniyanci ne harshen waje da aka fi koyarwa. To, a Bronx ta birnin New York, inda Hausawa suka yi zango, an jefa ɗan ƙanwata ajin 'yan koyo. Abokan zamansa 'ya'yan mutanen Jamhuriyar Dominika ne. Wai su ma koyo suke. Da harshen aka yaye su.

Malama ta yi magana, aji ya fashe da dariya. Yaronmu ma ya dara, don ladabi. Ma'anar sai ranar Alhamis ta iso.

Yana jin Hausa, Zabarmanci, Turanci, ga Faransancin kasuwa. Takardar sakamako dai ta ce yana da rauni a fannin harsuna.

Ƙorafinsa ba ya ƙarewa. Aikatau ɗaya sai ya sauya riga shida, ba a ma taɓo jiya da gobe ba. Harafin h, a rubuta shi, a hana shi magana. Alamar tambaya kuwa biyu ce. Ta farko tana tsaye da ka a bakin jimla, don ka san tun da wuri ba ka da amsa.

Uwarsa ta haɗa shi da mai kantin layinsu, ya riƙa yi masa bita. Alhamdu lillahi, yanzu ya iya cin bashi ba gargada.