Mutanen Ranar Kore

In 17 ga Maris ta ƙarato, wato bikin Waliyyi Patrick na mutanen Ireland, Shikago takan haukace da kore. Tun 1962 suke zuba rini a kogin da ya ratsa garin, ya koma kamar an kaɗa miyar kuka. Ni dai liyafar gidan maƙwabta nake zuwa, don a falo ake ganin halin mutane.

Uwar gida ce shugabar mahaukatan. Sati biyu tana shiri: labule kore, faranti kore, kyandir kore, har karen gidan an ɗaura masa ƙyalle a wuya yana yawo kamar angon da aka yi wa dole. Ta manna ganyen takarda a kowace taga, ta ɗiga launi a lemo, ta ɗiga a dakakken dankali. Da ruwan famfo zai yarda, da shi ma ya sha rini. Burodinta ne kawai ya tsira, wanda ake kwaɓawa da kindirmo da bakar soda maimakon yis, a tsaga samansa gida huɗu.

Mijinta aiki ɗaya aka ba shi, rataye tuta, shi ma ya kwafsa. Tutar Ireland kore ce, fari, sannan ruwan lemo. Ya juya ta, sai ga mu muna biki ƙarƙashin tutar Kodibuwa. Na gani, na yi gum. Baƙo ba ya gyara wa mai gida rufi.

Ba sai na yi magana ba, don akwai Malam Gyara, haifaffen Dublin. Tun daga bakin ƙofa ya fara. Ganyen nan na taga mai kunne huɗu ne, alhali na waliyyi mai uku ne. Naman sa mai gishiri da kabejin da aka dafa, baƙin haure ne suka saba da shi a New York, a can gida naman alade ake haɗawa. Launin da aka fara danganta wa waliyyin ma shuɗi ne. Kai, Patrick ɗin kansa a Biritaniya aka haife shi, aka sato shi yana ɗan shekara 16, ya yi shekara shida yana kiwo cikin bauta. Macizan da ake cewa ya kora kuwa, tsibirin Ireland dama ba shi da su. Duk gaskiya ya faɗa, amma faranti uku ya tashi da su na abincin da yake kushewa, ya kuma nemi a ƙulla masa saura.

Abokin gabarsa shi ne Ɗan Asali. Kakar kakarsa ta baro Cork lokacin yunwar da ta fara a 1845, da cuta ta lalata dankali, mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu. Bai taɓa taka ƙasar ba, amma yana kurɓar kofi na biyu harshensa zai karye, idonsa ya cika da hawayen kewar gida. Irinsa sun haura miliyan 30 a Amurka, sun ninka mutanen tsibirin sau da yawa.

Sai 'yar mintsini, mai zagaye tana neman wanda bai sa kore ba. Babu abin da ya kawo ta sai wannan.

Ni ta duba ni sama da ƙasa ta wuce, don rigar Super Eagles na sa. Da Malam Gyara ya tambayi haɗina da bikinsu, na ce Patrick ne waliyyin da Katolikan Najeriya suka riƙa, Guinness kuma tana da masana'anta a Ikeja, sannan dankalin da ake lodowa daga Jos har yau arish muke ce masa. Ya buɗe baki zai gyara, ya rasa ta inda zai kama, sai ya miƙo min lemo. Har washegari harshena kore ne.