Tattakin Mai Ɗingishi

A 2015 Suleiman Hashimu ya tako daga Legas har Abuja don murnar nasarar Buhari, gidajen rediyo suka yi ta yayata shi, ni kuma abin ya tsaya mini a rai. Matsalar ita ce da kwatangwalo mai gardama aka haife ni. Likita a Asibitin Ƙashi na Dala ya ɗaga hoton ƙashina ya ce gurbin da kan ƙashin cinya ke zama bai yi zurfi ba, kamar an ɗora tulu a faranti, shi ya sa gaɓar ke saurin cinyewa. Ya ce in rage doguwar tafiya, in riƙa iyo, don ruwa na ɗauke wa gaɓa nauyin jiki. Na ce to.

Sai ga ni a masallacin unguwa ina shelar zan taka daga Ƙaraye zuwa Rogo, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa a ɗinka wa marayu kayan sallah. Kawu ya dube ni sama da ƙasa.

"Ɗan nan, matan Fulani kullum a tafe suke da ƙwaryar nono a ka. Wa ya taɓa tara musu ko sisi?"

Ban fita gari sosai ba ƙugu ya fara magana. Duk ɗan acaɓan da ya hango ɗingishina sai ya taka birki: "Malam, hau mana, ba sai ka biya ba." In na ce tattakin taimako nake yi, sai ya ce ai shi ma taimakon yake son yi. Wani mai rake ya yanko mini sanda guda, ban san ko ta sha ce ko ta dogarawa ba, na haɗa duka biyun. Wadda ta ƙarasa ni wata tsohuwa ce: ta kwance bakin zaninta, ta damƙa mini naira hamsin, ta ce Allah ya yaye. Na buɗe baki zan yi bayani, na tuna kuɗi fa nake tarawa, na ce amin.

Rogo dai na shige ta, a bayan a-kori-kura, tsakanin buhunan masara.

Da na farfaɗo sai na koma kan shawarar likita. Madatsar ruwan Challawa, wadda aka kammala a 1992, tana nan gefenmu, na ce iyon sadaka zan yi. Gaskiya ƙugun ya ji daɗi. Amma likitan ruwa mai tsabta yake nufi, kwantaccen ruwan dam kuwa gidan katantanwar da ke goyon tsutsar tsargiya ne, ta fata take shiga ba sallama. Masunta na kallona daga kwale-kwale, ɗaya har yana tambaya ko wani abu ne ya faɗa mini. Bayan 'yan watanni na ga jini a fitsari.

Marayu sun sami shaddarsu, alhamdulillahi. Ranar sallah suka zo gaishe ni a kan tabarma, a daidai lokacin da ladan ke shelar a taimaka wa wani bawan Allah da kuɗin magani. Ya ce an sakaya sunansa, sannan ya ƙara da cewa shi ne wanda ya yi tattakin nan.