Yadda Ake Tallata Ƙaramin Gari Ga Masu Kuɗi

Ba sai na yi maka bayanin yadda mutum ke tsintar kansa a kwamitin tallata gari ba. Ka je gida hutun Sallah, ƙungiyar ci gaban gari ta kira taro a firamare, ka ɗan fita alwala, ka dawo ka tarar an naɗa ka sakatare. Haka ta faru da ni a Sallar da ta wuce, aka ɗora mini rubuta ɗan littafin da zai jawo masu zuba jari garinmu. Ga abin da na tsinto, ko wani bawan Allah zai amfana.

Na ɗaya, a littafin talla ba a cewa babu. Garin da ba shi da masana'anta ko guda, ka rubuta cewa Allah ya albarkace shi da iska mai tsabta. Idan ba wuta, ka ce dare a garinmu tsit yake, mutum ya yi barcinsa ba ƙarar komai. Ka ƙara da cewa ba mu san cunkoson motoci ba. Wannan ma ba ƙarya ka yi ba, don tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, motar kasuwa ma sai ta cika maƙil take tashi, wani lokacin sai washegari.

Na biyu, hoto. A watan Agusta ake ɗauka, lokacin da gero ya fid da kai, ko'ina kore shar. Ka nemi yaron nan mai jirgi maras matuƙi ya ɗauko maka daga sama, domin daga can ramukan titi ba sa fitowa, ledojin da suka maƙale a ƙaya kuwa sai ka ce furanni. Abin lura ɗaya: Agustan nan ne ruwa ke tafiya da kwalbatin shiga gari. Saboda haka hoton na damina, gayyatar baƙo ta rani. In ya tambayi ina koren ya tafi, ka ja shi zuwa wajen abinci.

Na uku, taken gari. Wannan a zauren WhatsApp na ƙungiya ake yanke shi, kuma a nan ne za ka gane ba ka san 'yan garinku ba. Wani ya ce a sa "Garin Zaman Lafiya". Wani ya ce ai maƙwabtanmu sun riga sun rubuta haka a allonsu. Daga nan wani dattijo ya turo saƙon murya mai tsawon huɗuba, yana bayanin cewa maƙwabtan nan ma daga garinmu kakansu ya yi ƙaura bayan ya rasa sarauta. Shi ke nan, an bar take an koma tarihi. Wa ya fara saran dajin, maharbi ne ko malami? Kowane gida yana da amsa, kowace amsa kuma so ake ta shiga shafin farko. Kafin ka farga littafin jawo jari ya cika da hotuna: Hakimi, ciyaman, ɗan majalisa, uban ƙungiya, tsohon uban ƙungiya wanda ba a son ya yi fushi. Tsakar dare waya ta yi ƙara. "Malam Sakatare, ba don komai ba, amma me ya sa hoton Alhaji ya fi na Mai Girma Hakimi faɗi?" Ka ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba, za a gyara." Ka gyara, da asuba yaron Alhaji ya kira. Har yau garinmu ba shi da take.

Na huɗu, za a sami mai cewa, "Mu ma mu shirya biki irin na Argungu." Kada ka yi masa musu a bainar jama'a, amma ka san abin da ka sani. Argungu tana da kogin Matan Fada. Bikin kamun kifinta tun 1934 ake yin sa, UNESCO ta sa shi a jerin al'adun duniya a 2016, kuma duk da wannan suna sai da ya yi kusan shekara goma a kwance kafin a farfaɗo da shi a 2020. Mu kuwa kududdufi gare mu, wanda ke ƙafewa kafin sanyi ya fita.

Kuma tunda an zo nan, bari in faɗi abin da ke cina. Galmi ta Jamhuriyar Nijar ba wani babban birni ba ce, amma albasarta ta kai sunanta har kasuwannin Ghana da Kwaddibuwa. Aliero ta jihar Kebbi ma albasa ce ta fito da ita. Maigatari ta Jigawa, ranar kasuwa tireloli ke layi suna lodin shanu zuwa kudu. Wane ɗan kasuwa ne ya je waɗannan garuruwa shaƙar iska? Abin sayarwa suke da shi, mai saye ya biyo sawu. Mu ma muna noma riɗi, mai kyau kuwa. A buhu yake fita, ya isa kasuwar Dawanau, a gauraya shi da na kowa, ba wanda ya san daga ina ya fito. Na kawo shawarar a haɗa kuɗin ɗab'in littafin a sayi injin tsabtace riɗi, ko a gyara rumfunan kasuwa. Aka ce wannan ba aikin kwamitin talla ba ne, kwamitin ayyuka ke da shi. Kwamitin ayyuka bai zauna ba tun rasuwar shugabansa.

Na biyar, ko na shida ne, ranar da mai kuɗin ya zo. Kun tare shi da kalangu, kun kai shi gaisuwa fada, an yanka rago. Ya duba littafin, ya yaba takardar, sannan ya tambaya: awa nawa kuke samun wuta? Tun Afrilun 2024 da aka ƙara wa 'yan rukunin A kuɗin wuta bisa alƙawarin awa 20 a rana, duk mai masana'anta da lissafin awa yake yawo. Mu taransifomarmu ta ƙone, an ɗauke ta gyara, turakunta kawai suka rage yara na shanya a kai. Ya tambayi ruwa, ga 'yan garuwa suna wucewa ta gabansa da kura. Ya tambayi likita. Ya tambaya ko ana bin hanyar nan bayan magariba. A nan shawarata ita ce ka duba wayarka kamar an kira ka.

To wai ma wa muke yaudara? Mu da ke rubuta cewa babu inda ya kai garinmu daɗin zama, duk a Kano da Kaduna da Abuja muke kwana. Matanmu a birni suke haihuwa, 'ya'yanmu a birni suke karatu, ba ma zuwa sai Sallah da jana'iza, da katan ɗin ruwan roba a bayan mota. Samarin da za su yi wa mai jarin aiki suna Legas da Fatakwal suna acaɓa. Burtsatsen bakin masallacin Juma'a famfonsa kawai ya lalace, kuɗin gyaransa bai kai na ragon da aka yanka wa baƙo ba, amma mata na nan suna tafiya bayan gari da jarka.

Sauran shawarwarin a taƙaice. Allon maraba a kafa shi bayan an wuce kwalbatin, kada baƙo ya haɗa sunan gari da abin da ya sami motarsa. Ranar ƙaddamar da littafi, duk miliyoyin da babban mai ƙaddamarwa ya ambata a lasifika, ka rubuta da fensir. Na tara kuma na manta.

Mai ɗab'i zai riƙe littattafan har sai an cika masa kuɗinsa, kuma lambarka kaɗai yake da ita. In ya kira, ka tura shi wajen ma'aji. Ma'ajin ya tafi Umara.