Alƙalan Hanyar Karshi

Wanda ke kwana a Karshi yana aiki a cikin birnin Abuja ya san shari'ar da ake yankewa a motar haya ta fi wadda ake yankewa a kotu yawa. Dalili kuwa, lokaci ne ake da shi har da na bayarwa. Mutum zai fito da an sallame asuba, ya ratsa Orozo da Kurudu da Jikwoyi, ya faɗa cunkoson Nyanya, kafin ya hango AYA hantsi ya dubi ludayi. Huɗu a baya, biyu a gaba kusa da direba, babu wurin miƙe ƙafa sai na buɗe baki. Masu laifi kuma ba sa yankewa: ga mai jif da ya bar hannunsa ya bi na masu dawowa, ga wanda ya zuge gilashi ya cillo ledar ruwa kan titi, ga kwandastan da ya riƙe canji ya yi kamar ya kurmance.

Mafi yawan alƙalan nan masu tsaki ne. Tsakin ma hawa-hawa ne: gajere ga wanda ya taka musu ƙafa, dogo mai jan numfashi ga mai jiniya da ya kora kowa gefen kwata. Mai tsaki ba ya duban wanda ya yi laifin, taga yake fuskanta. In ka ce, "Malam, lafiya?" sai ya ce, "Ba komai." An gama shari'a ke nan, babu ɗaukaka ƙara.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne sarkin ba da haƙuri. Ku lura da shi, bai taɓa tunkarar wanda ya yi ɓarnar ba, don wancan idonsa ya yi ja. Wanda aka cuta yake nufa, ya dafa masa kafaɗa. In dattijo ne aka yi wa rashin kunya, sai ya ce, "Haba Baba, kai ne babba, ɗan cikinka ne." In yaro ne aka zalunta, "Kai, yi shiru mana, ai ya haife ka." In mace ce, "Hajiya, ku da haƙuri aka san ku." In kuwa sa'anni ne, sai ya koma kan kuɗin: "Saboda naira ɗari za ku tara mana jama'a?" Ba irin mutumin da bai tanadar wa dalilin yin shiru ba. Kafin a kai Karu, wanda aka riƙe wa canji ya fara jin kunyar kansa, har ya ce wa kwandasta, "Shi ke nan, a yafi juna." Sarkin haƙuri ya sauka yana lissafin ladan da ya samu da sassafe. A ganina rabin rashin mutuncin da ake yi a hanyar nan shi ke ciyar da shi, don kwandasta ya san gobe ma za a samu mai lallashi a motar. Amma a taɓa canjinsa shi kansa a gani. Ranar za ku ji yana rantsuwa da kabarin kakansa.

Akwai mai binciken asali. Shi ba ya cewa komai sai ya san ɗan wace ƙabila ne ya yi abin, kuma Karshi ta ba shi aikin yi, garin da Gwandara da Gbagyi da Gade da Hausawa da Fulani da Tibi da Ibo da Yarabawa ke sayen tumatir a kasuwa ɗaya. Zai leƙa lambar motar, ya dubi hular direban, ya karanta abin da aka manna a gilashin baya. In ya gano ba nasu ba ne, sai ya gyara zama: "Ai haka suke, a jininsu yake." In nasu ne, murya ta yi laushi: "Wa ya sani, ƙila mara lafiya ya ɗauko, asibiti za shi."

Baba A-Zamaninmu tsohon ma'aikacin gwamnati ne, cikin waɗanda suka biyo ofisoshinsu daga Legas bayan an dawo da fadar mulki Abuja a Disambar 1991, fansho ya turo shi bayan gari. Duk laifin da aka yi, maganinsa na can a 1984, lokacin da Buhari da Idiagbon suka ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a. Zai ba ku labarin yadda ake bin layi a tashar mota ba mai tsallake wani, da yadda soja ke sa ma'aikacin da ya makara tsallen kwaɗo a ƙofar ofis, da sharar Asabar ɗin ƙarshen wata. Yana faɗa yana haɗiyar yawu, sai ka rantse shi ne ya riƙe bulalar. Abin da ba ya faɗa shi ne yadda ya samu kujerar gaba a motar nan: mutum bakwai ya tarar suna jira, ya ratsa su da furfurarsa, ba ko sallama.

Mai waya ba ya hana faɗa, gyara tsayuwa yake don hoton ya fito sosai. In an sasanta da wuri har haushi yake ji.

Jarumin yamma kuwa a hanyar dawowa ake gane shi. Wani mai kaki zai shigo, ya baje ƙafafu ya matse kowa, ya yi ta waya da ƙarfi, ya sauka bai biya ba. Duk tsawon tafiyar jaruminmu na duban takalminsa. Da mota ta tashi, aka tabbata mai kakin ya yi nisan da ko jifa ba za ta same shi ba, sai ya cire hula ya ɗora a gwiwa: "Wallahi Allah ne ya taimake shi. Kaɗan ya rage in yi magana." Daga nan har tashar Karshi zai yi ta bayanin abin da ya so ya faɗa, yana ƙara masa gishiri a kowace kwana.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma akwai fasinjan da aka yi karin maganar dominsa. Shi ne ya fi kowa tsine wa masu bin hannun da ba nasu ba, har ya ce kamata ya yi a ƙwace motocinsu. Sai ya dubi agogo, ya tuna yau shugaban sashensu zai ɗauke rajistar sa hannu da ƙarfe takwas. Ya matso kusa da kunnen direba: "Oga, ba ka ga kowa na bi ta can ba? Kai kaɗai ne mai tsoron Allah?"

Mata suna da nasu salon, kuma ya fi na maza ci. Saurayi ya kunna bidiyo a waya, ƙara ta cika mota. Hajiya ba za ta kalle shi ba, jaririn da ke cinyarta za ta yi wa magana: "Kai dai ka yi karatu, ɗan albarka, in ka girma ka sayi abin sawa a kunne, kada ka zama mai damun bayin Allah." Ba a ambaci sunan kowa ba, ba mai ikon cewa da shi ake, amma wayar ta mutu. Ba wadda ta fi ta iyawa sai tsohuwar nan mai kai doya kasuwa, wadda ba ta san habaici ba. Ita cewa take, "Ɗana, sauka ka ɗauke ledar da ka yar." Kuma sai ya sauka. Wanda aka kira ɗa a gaban jama'a ba shi da bakin musu.

Duk waɗannan nau'o'in narkewa suke su zama ɗaya idan aka yi ihun "ɓarawo!" a kasuwa. Mai tsaki ya samu hannu, jarumin yamma ya samu ƙarfin zuciya, mai binciken asali ya manta bai tambaya ba, sarkin haƙuri kuwa a nema a rasa. Yaron da ake zargi da zare waya ba ya tsira sai in 'yan sanda sun iso da wuri. Wannan kam ba abin dariya ba ne, kuma sau da yawa ba wanda ya ga satar da idonsa.

Sai na ƙarshe, mai "Allah ya kyauta", wanda ke ajiye wannan addu'ar don manyan abubuwa kaɗai. A 2011 aka ba da kwangilar hanyar Apo zuwa Karshi, kilomita kusan 13, wadda za ta raba mutanen garin da zagayen Nyanya. Jin haka ya sa ya sayi fili ya yi gini, lokacin ɗansa na firamare. Aka shafe sama da shekara goma ministoci na zuwa suna sa ranar gamawa, ɗan ya gama jami'a, uban na nan yana fita da asuba. A tayar da zancen hanyar, zai ɗaga kafaɗa ya ce, "Allah ya kyauta," ya ci gaba da jan carbi. Shi ne kuma za ka tarar a bakin tasha da magariba, ya cukuikuye wuyan rigar mai keke, jijiyar wuya ta tashi, yana cewa ko sama da ƙasa za su haɗu sai an ba shi hamsin ɗinsa.