Wai Har da Wuta da Ruwa?

Na ga kuna taɓe baki. Wai a Legas, garin da ko inuwa ba a shiga kyauta, za a ba mutum ɗaki a ce wuta da ruwa da kwasar shara duk suna cikin haya? Alhazan Idumota sun ce wannan sai baƙon da ya sauko daga tirela jiya.

To, Alhaji, gyara zama. A gidanka na Agege ka biya shekara guda, ka biya dillali, ka biya kuɗin takarda, ka ajiye kuɗin ɓarna tun ba ka fasa komai ba. Wata ya ƙare, takardar Ikeja Electric ta iso, kuma gidan babu mita, sai a raba a kan ɗakuna, mai firji biyu ya rantse ƙwai ɗaya yake kunnawa. Ga fetur na janareta tun da aka cire tallafi a 2023, ga kuɗin shara, ga na maigadin layi. Duk kana biya, ba ka taɓa haɗa lissafin ba ne, kada hawan jini ya tashi.

Gidajen da ake haɗa maka komai suna nan, an fi samunsu a Ikoyi da Lekki da Victoria Island. Inda kuka yi gaskiya, sai dai ba ta inda kuke zato ba, shi ne kuɗin sabis: daban yake da haya, kuma yana tashi duk ranar da dizal ya tashi. Da aka kai wutar rukunin A naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, ka ɗauka mai gida ne ya haɗiye? Dokar haya ta 2011, zamanin Fashola, ta hana karɓar fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya, amma ta tsame Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA, wato can babu wannan kariyar. Saboda haka kafin ka sa hannu, tambayi awa nawa ake kunna inji, kuma a rubuta.

Ni dai ina zargin wani abu. Idan kowa ya koma gidan da famfo ke zuba, 'yan ga-ruwa su tura kurarsu ina? Kuma an ce rabin jarkokin layinku, Alhaji, naka ne.