Rabon Kwana Tsakanin Faris da Kishiyoyinta

Duk wanda Allah ya nufa da hutun mako biyu a Turai, tun kafin ya ga ƙeyar biza yake fara rashin barci. Zai buɗe taswira a waya, ya jero birane kamar mai zaɓen atamfa a Kantin Kwari, wannan ta yi, waccan ma ta yi, sannan ya zauna rabon kwana. Da yake mu mutane ne da aka tarbiyyantar a kan cewa rabon kwana ba ya halatta sai da adalci, sai ka ga bawan Allah ya ɗauki kwana 14 ya raba wa birane bakwai, kowacce bibbiyu, kamar maigidan da ke tsoron a kai ƙararsa gaban surukai. Ni kuwa abin da ya kawo ni shi ne in ce wannan adalcin zalunci ne, kuma wanda aka zalunta shi ne mai rabon da kansa. Gaskiya ne Hausa ta mayar da sunayen garuruwa mata, muna cewa Kano ta cika, Faris ta haɗu, amma iyakar kamar ke nan. Amsterdam ba ta yaji. Basalona ba ta da waliyyi. In ka tsallake Brussels babu gwaggon da za ta zo bin ba'asi. Wajibin matafiyi shi ne ya nuna son kai ƙiri-ƙiri, ya fifita wata a kan wata, sauran kuma ya sallame su tun ba a ɗaura ba.

Tushen ɓarnar yana cikin kalmar kwana ita kanta. A bakinmu "kwana biyu" lokaci ne mai tsawo, shi muke faɗa wa wanda muka yi wata shida ba mu gani ba. A bakin otal kuwa kwana biyu yini ɗaya ne tal, da ɓurɓushi a gefe da gefe. Galibin otal-otal na Turai ba sa ba da makullin ɗaki sai ƙarfe biyu ko uku na rana, kuma ƙarfe sha ɗaya ko sha biyu na ranar tafiya suke so ka kwashe komatsanka. Ranar isowa ta tafi a jan akwati da neman lambar gida, ranar fita ta tafi a ɗaure kaya da duba agogo, abin da ya rage shi ne yinin tsakiya. Lissafin ba ya buƙatar kalkuleta: kowace birni da ka ƙara a jerin tana cinye maka yini guda. Kwana 14 a birane bakwai yini bakwai ne na yawo. Kwana 14 ɗin nan a birane huɗu yini goma ne, a birane uku kuwa sha ɗaya. Wato mai birane bakwai ya biya kuɗin mako biyu ya karɓi mako ɗaya, ragowar makon ya yi wa akwatinsa aikin dako kyauta. Malamanmu na fiƙihu ma sun riga masu shirya yawon buɗe ido gano wannan. A mazhabar Malikiyya, matafiyi yana ci gaba da kasaru har sai ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, kimanin salloli 20, kuma ba a lissafa masa ranar da ya shigo gari bayan alfijir. Ma'ana, a idon shari'a mutumin da ke kwana bibbiyu bai sauka ko'ina ba, tun daga Amsterdam har Rum a kan hanya yake.

A bi mai adalcin nan mataki-mataki a ga yadda kalanda za ta yi da shi. A ce ya sauka Amsterdam ranar Alhamis, yininsa cikakke na farko Juma'a ke nan. Ya nufi gidan da Anne Frank ta ɓuya a lokacin yaƙin duniya na biyu, a gaya masa ba a sayar da tikiti a ƙofa, ta intanet ake saye, kuma masu rabo sun kwashe tun makonni. Lahadi yana Brussels, shaguna da yawa a garƙame. Litinin da yamma ya shiga Faris yana murna gobe zai ga Mona Lisa, washegari Talata ya isa Louvre ya tarar da ƙofa a rufe, domin Talata ce ranar hutun gidan. Da yana da ko yini ɗaya na rara da sai ya ce ba komai, gobe ma rana ce, amma goben tasa an riga an ba Basalona. Ya yi Alhamis a can, Asabar a Venice, Litinin ta same shi a Florence, inda babban gidan zane na Uffizi yake hutawa a ranar Litinin ɗin. Laraba a Rum, ranar da Fafaroma ya saba ganawa da jama'a da safe a dandalin Saint Peter, sai mutumin namu ya tsaya bayan shinge yana kallon ƙeyoyin dubban masu ziyara. Babu wanda ya yi masa asiri. Gidajen tarihi na Turai suna da ranakun hutunsu tun kafin a haife shi, shi ne ya tsara tafiyar da ko tari aka yi sai ta rushe.

Za a ce da ni ai Turai ƙarama ce, jiragen ƙasanta kuma kamar walƙiya. Ban musa ba. Daga Rum zuwa Florence awa ɗaya da rabi ne, Madrid zuwa Basalona awa biyu da rabi, Faris zuwa Amsterdam awa uku da 'yan mintuna. Sai dai wannan lissafin daga tasha zuwa tasha ne, mutum kuwa ba a tasha yake kwana ba. Kafin jirgin akwai ɗaure kaya, da biyan harajin kwana da birane da yawa ke karɓa a teburin otal, da saukar da akwati mai kilo 23 ta matakalar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Bayan jirgin akwai tsayuwa a bakin titi ana juya waya sama da ƙasa don a gane ina ne gabas, saboda baƙo ko da ido makaho ne. In aka ce jirgin sama na araha kuwa, nan ne wasan ya fi daɗi. Filin jirgin Beauvais da ake tallatawa da sunan Faris yana da nisan kusan kilomita 85 daga birnin, na Hahn da ake liƙa wa sunan Frankfurt ya wuce kilomita 100. Kamar a sayar maka da tikitin Kano ne a sauke ka a Zariya a ce sauran ka ƙarasa. Tafiyar da ba ta kai awa biyu a sama ba sai ta lashe yini sukutum, kuɗin akwati kuma ya ninka kuɗin kujera. Venice ma fa? Babu mota a cikinta, gadoji sama da 400, kusan kowacce da matakala. Wanda ya shigo da akwatuna biyu na tsaraba, a gada ta shida zai fara tunanin wace ƙanwar ce ba ta cancanci turare ba.

Hujjar da ta fi nauyi, wadda ba zan yi mata dariya ba sai kaɗan, ita ce ta mai cewa: Malam, kai ba ka san wahalar biza ba ne? Yuro 90 kuɗin nema, inshorar lafiya ta Yuro 30,000, takardun banki, layi, jira, sannan ga yadda naira take durƙusawa a gaban Yuro. Wa ya san ko zan sake dawowa? Gara in taɓa ko'ina ko da da yatsa ne. Na ji, kuma tsoron gaskiya ne. Amma hujjar tana yanka mai ita. In tafiyar sau ɗaya ce a rayuwa, anya rabinta ya dace a kashe a tashoshi? Wanda aka gayyata walima sau ɗaya tak ba ya bin tukwane bakwai yana lasar murfi. Abin da mutum ke dawowa da shi daga gari ba hasumiya ba ce, hasumiyar tana cikin waya tun kafin ya tafi. Abin da ke zama a rai shi ne yini na uku, lokacin da ya daina duba taswira, ya san wace kwana ce ke kai shi shagon Balaraben da ke sayar da nama halal, ya gano cewa a watan Yuni magariba a Faris sai wajen ƙarfe goma na dare, ya daina mamakin Sifaniyawa da ba sa zama cin abincin dare sai tara ta gota. Mai kwana bibbiyu ba ya taɓa kaiwa wannan yini. Turawa da kansu sun yi wa irin wannan tafiya ba'a tun 1969, a wani fim na Amurka da ayarin 'yan yawo suka zaga ƙasashe tara cikin kwana 18, har sai sun duba ranar mako kafin su san ƙasar da suke ciki.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, ofishin jakadanci ma ba ya son adalcin nan. Dokar bizar Schengen, wadda ƙasashe 29 ke amfani da ita yanzu, ta ce ka kai takardunka ofishin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta, sai in kwanakin sun yi kunnen doki ne za a koma ga wadda za ka fara shiga. Wato tambayar farko da Turai ke yi maka ita ce, wace ce uwargida? Mutumin namu da ya raba bibbiyu yana zaton ya yi daidai, ya nufi ofishin Holan tunda nan zai fara sauka, alhali Venice da Florence da Rum duk 'yan ɗaki ɗaya ne, Italiya ta tashi da kwana shida ba tare da ya sani ba. Ya yi uwargida bisa kuskure. Landan kuwa kada ma a sako ta, ba ta cikin wannan gida, bizarta daban, kuɗinta daban, duk da jirgin ƙasa na kai mutum can daga Faris cikin awa biyu da 'yan kai.

Saura masu cewa to ƙananan garuruwa fa, a bar su ke nan? A'a, a kai musu ziyara, kada dai a tare. Pisa kimanin awa ɗaya ce daga Florence a jirgin ƙasa: ka je da safe, ka ɗaga hannu a yi maka hoton nan da kowa ke yi kamar kana tallafe hasumiyar da ta karkace, ka dawo ka ci abincin rana, akwatinka na kwance lafiya a ɗaki. Bruges haka take daga Brussels, fadar Versailles haka take daga Faris, in dai ba Litinin ba ce. Wuri ɗaya na yarda a karya ƙa'idata, shi ne Venice. Da rana cunkoson masu zuwa su koma ya yi yawa, har hukumar birnin ta fara karɓar Yuro 5 daga hannunsu a wasu ranaku a Afrilun 2024, ta kuma ɗauke wa masu kwana. Garin ba ya dawowa hayyacinsa sai yamma, bayan taron ya watse. A ba ta darenta biyu, da sharaɗin a je mata da ƙaramar jaka.

In aka matsa mini in yi rabon kwana 14 ɗin nan, ba zan ji kunyar kowa ba: Faris biyar, Rum huɗu, Florence uku, Venice biyu. Italiya ta kwashe tara, don haka ofishinta za a nufa da takardu. Na san abokai za su tambayi hoton Basalona, musamman masu kallon ƙwallo, kuma na san ƙanin da zai ce an je Turai ba a ga filin Camp Nou ba, asarar kuɗin jirgi. A gaya masa cocin Sagrada Familia da ke garin tun 1882 ake ginin ta. Mutanen da suka yi wannan haƙurin za su iya jiran biza ta gaba.